Ranar da Na Cire Gada Ba da Oda Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi rawa a bakin kogi, leburorina suna kallo, don kawai ruwa ya zo ba. Zamanin Turawa ne, ina malamin hanya na En'e a ƙasar Haɗejiya, wajen Baturiya.

Ga yadda aikin yake. Da rani mukan kafa gadar gungumen giginya a mashigi, kafin kogi ya cika mu cire mu jibge a tudu. Amma ba a zare ko ƙusa ɗaya sai da oda a rubuce daga Injiniya, wani Bature da muke kira Mai Lofe. Ka cire babu oda, a kore ka. Ka bari ruwa ya tafi da gungumen, ƙauyukan tsallake su yi rani babu gada.

Wata Litinin da safe sai ga Baba Maina, sarkin fito, wato shugaban masu ƙetare da mutane. Ya ce, "Malam, cire gadarka. Ruwan Kano na tafe, kogi ya fara kawo kumfa da kara."

Na dubi sama, tas. Na ce, "Baba, Injiniya na rangadi a tsallake, ta gadar nan zai dawo."

Ya ce, "To, ka rubuta wa kogin takarda ya jira shi."

Na tambayi kaina: idan Baba ya yi kuskure me za a rasa? Aikina. Idan kuwa ya yi gaskiya na ƙi ji? Gadar jama'a. Na ce bismillah, a cire.

Muka gama da la'asar. Talata kogi ko motsi bai yi ba, iya gwiwa. Masu jakuna suna ratsawa suna yi mini kirari, "Malam mai tsoron kumfa!"

Laraba da hantsi muka ji gurnani daga yamma. Ruwa ne ja wur, ɗauke da itatuwa, ya shafe mashigin kaf. Ban san sanda na cilla hulata sama na kama rawa ba! Ina cikin juyi sai na hangi Mai Lofe a kan doki a tsallake, yana kallona.

Da gora, wato ƙaton duman fito, aka ƙetare da shi. Ya kwanta rub da ciki, ya rungume goran kam, Baba Maina na turawa yana cewa, "Sannu Bature, kar ka yi motsi." Leburori suka cusa riguna a baki don danne dariya.

Ya fito sharkaf, ya ce, "Wa ya ba ka oda?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe. Baba ya faɗa, ni na yanke."

Ya dubi gungumen a tudu, ya dubi kogin. Ya ce, "Rubuta odar, ka sa ranar Litinin, in sa hannu."

Ku da ke aiki yanzu, ku nemi wanda ya fi ku sanin abin, ku auna wace asara ta fi girma, sannan ku yanke da sunanku. Amma ku shirya wa Talata, ranar da kun yi daidai kuma duk gari na yi muku dariya.