Shuɗin Fiyus da Albasar Maigidana

Gonarmu tana can ƙarshen kanal, wajen Bunkure, inda ruwa yake isowa a gajiye, in ma ya iso. Shi ya sa maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya haƙa rijiya ya sa mata famfo mai aiki da sola. A jikin akwatin wutar akwai wani ɗan abu shuɗi, bai fi farcen babban yatsa ba, ana ce masa fiyus. Da rubutu a kansa, amma ni launi na sani.

Wata rana na kai masa abinci na tarar yana canza shi, sai na tambaya. Ya nuna mini tiyon da ake jan ruwa da shi daga kanal. Ya ce wuta ma gudu take a waya kamar ruwa a tiyo, kuma yawan wadda take wucewa a lokaci guda shi ake aunawa da amfiya. Kowane inji da iya amfiyar da cikinsa zai ɗauka. Fiyus kuwa kamar gefen kunya ne da ka bari da rauni da gangan, don in ruwa ya yi yawa ya fashe ta nan, kada ya cinye shuka. Haka mutumin nan yake. Bai taɓa ce mini wannan ba zancen mata ba ne. Har yanzu in muryarsa ta faɗo mini sai hawaye.

Ya rasu albasarsa ta fara kumbura a ƙasa, lokacin da ta fi son ruwa. Ni ina takaba, ba fita. Ƙaninsa ya karɓi ban ruwan, mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu masa sai ya nemi mai sa masa, amma a majalisa shi ne injiniya.

Ba a jima ba ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina yana ƙorafi. Wai fiyus yana ta ƙonewa, ya canza ya sake ƙonewa, 'yan kasuwar Kura sun cuce shi da jabu. Wai ya ga wata waya mai kauri a cikin kayan marigayi, ita zai ɗaura a gurbin. Ta bayan labule na gaya masa in shuɗin yana ƙonewa haka, famfon ne yake jan amfiya fiye da ƙima, yashi ya shaƙe shi. Marigayi yakan ciro shi ya wanke.

"Matar Yaya," ya ce yana dariya, "ke da amfiya kuma? Ki ji da carbinki. Wuta dai wuta ce, a buɗe mata hanya ta wuce."

Ya kuwa buɗe mata. Ciro famfo sai an sunkuya, an ja igiya, an ɓata riga da laka, shi kuma da farar shaddarsa yake zuwa gona. Famfon ya yi gurnani ya tashi, har ƙanin ya aiko matarsa ta gaya mini ga ruwa yana zuba. Kafin la'asar warin ƙonanniyar roba ya isa gonar maƙwabta. Inji da akwati, duka suka tafi.

Maƙwabta sun taimaka da injinsu na fetur, Allah Ya saka musu, amma kowa da tasa shukar. Ganyen albasar ya yi rawaya ya kwanta. Ita ce shuka ta ƙarshe da hannun maigidana ya taɓa.

Ƙanin ya dawo ƙofar ɗakina, murya a sanyaye, wai a yi haƙuri, ƙaddara ce.

Na ce, "Mutuwar yayanka ce ƙaddara. Wannan kuwa kai ne."

Da na fita takaba na je na tona albasar da hannuna. Abin da na samu ƙanana ne, ko goro ya fi su. Na ƙulle su a bakin zane na kawo gida, na yi miya da su, na ci ni kaɗai ina kuka. Kasona na gonar kuwa, mijin 'yata ne yake noma shi yanzu. Shi kuwa ƙanin yana nan a majalisa, yana gaya wa mutane sola ba ta da ƙarko.