Ranar da aka taya ni da albasa

Ni nas ce, kuma na yi shekaru ina karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti kusa da Dandin Mahe. Kullum daga Bodinga nake shiga mota, in sauka a bakin hanya in hau babur. Albashin ba ya kai ni ƙarshen wata, amma na saba.

Ɗana na biyu ne ya hana ni ci gaba da sabon. Sikila gare shi. Duk sanda ciwon ya tashi sai mun ɗauki shatar mota zuwa Sakkwato neman jini, ina riƙe da shi yana ihu, ni da nake yi wa 'ya'yan wasu allura ba ni da abin da zan yi masa. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Wata ƙawata da muka yi makarantar jinya tare tana aiki a Kaduna. Ta faɗa mini abin da ake biyan ta, na ce ta daina yi mini ba'a. Ta rantse. Na zauna da maigidana muka cire kuɗin haya da na abinci daga albashin Kaduna, tunda a nan geron gonarsu muke ci kyauta. Duk da haka nata ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma asibitinsu yana da wurin ajiye jini, ana duba 'ya'yan ma'aikata da rangwame. Na nemi aikin, aka ɗauke ni.

Ban gaya wa kowa ba, amma labari ya riga ni isa ƙauyen da asibitinmu yake. Ranar awon ciki sai ga mai unguwa da dattawa sun shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar asibiti. Na fito na durƙusa na gaishe su.

Mai unguwa ya ce, “Ɗiyata, mun ji an taya ki Kaduna. Nawa sunka ba ki?”

Dariya ta kusa kufce mini. Su manoman albasa ne, a wurinsu ba a rabuwa da abu don wani ya yi tayi, sai a ƙara. Sun riga sun shirya: za su ware mini fili a fadama, su yi mini dashe da ban ruwa, su ajiye albasar a rumbunsu har ta yi tsada. Wani tsoho ya ƙara da damman gero duk kaka. Ba wasa suke ba, ni kaɗai ce ma'aikaciya mace a asibitin, kuma matansu ba za su haihu a hannun namiji ba.

Na ce, “Ranka shi daɗe, wallahi tayinku ya hi ƙarhina. Amma jini nika nema ma yarona, kuma babu shi nan.”

Mai unguwa ya dubi dattawan. Ya ce, “To, wanga ba mu da shi. Allah shi ba shi lahiya.” Suka naɗe tabarmarsu.

Na koma ciki. Matar da ke kan gadon awo ta ji komai ta taga. Cikinta na fari ya zube, wannan kuma yaron a gicciye yake kwance. Ta kama hannuna ta ce, “Malama, in watana ya kama, wa za shi tsaya min?”

Na so in yi mata ƙarya, ban yi ba. Na ce ba ni ba ce. Na sa aka kira mijinta, na gaya masa da kakkausar murya kada ya jira naƙuda, ya kai ta babban asibiti tun kafin lokaci. Ya yi alkawari, ban sani ba ko ya cika.

Da na tashi aiki, a kan babur na yi kuka har mai babur ya rage gudu, ya tambaye ni ko na yi mantuwa ne mu koma. Na ce masa a'a, mu tafi.