Maganin Ƙarfen da Na Ba Abokina

Shekarun baya, lokacin da injin yankan itace bai daɗe da shigowa wajenmu ba, ni da wani abokina muka yi sana'ar rage rassan itatuwa tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi. Idan darbejiya ta yi girma har ana tsoron ta faɗa wa rufin masallaci ko ajin makaranta, mu ake kira. Ɗaya ya hau da injin, ɗaya ya tsaya ƙasa da igiya yana jan reshen zuwa inda ba zai yi ɓarna ba. Injin na wani ɗan kudu ne mai shagon katako a Gummi, wanda ya taɓa aikin daji a can garinsu. Oga muke ce masa.

Ranar da ya damƙa mana injin ya haɗa mana da wando guda ɗaya, mai kauri kamar katifa. Ya ce duk wanda zai riƙe injin ya sa shi, domin a cikinsa akwai zaren da ke sarƙe haƙoran injin su tsaya kafin su kai ga nama. Muka ce to. Muna fita muka kama dariya. Abokina ya ce ko jaki aka sa wa wannan da bazara sai ya kai ƙara wurin alƙali. Na kai shi gida na jefa bayan ƙyaure.

Abin da ban gaya wa abokina ba shi ne ni matsoraci ne. Tun da na ga yadda injin ya ratsa gungumen giginya kamar ana yanka sabulu, hankalina ya ƙi kwanciya. Sai na fara sa wandon a ɓoye, in ɗora babban wandona a kai, in saki riga. Ina zufa kamar an tsamo ni daga gulbi, mutane suna cewa aiki ya karɓe ni, na yi ƙiba.

Wata rana a Anka ina daddatsa wani reshe da muka riga muka kayar, bakin injin ya ci karo da ƙulli ya dawo mini a cinya. Injin ya mutu nan take. Wandon sama ya dare har gwiwa. Na yi maza na rufe wurin da riga, na juya wa mutane baya, na zare farin zaren da ya cushe injin na tura aljihu. Ko ɗigon jini babu.

Cikin masu kallo akwai wani dattijo da ya san kakana, wanda ɗan tauri ne, irin masu goga wuƙa a ciki wajen wasa ba ta yanke su. Dattijon ya kaɗa kai ya ce wa jama'a ai abin a jinin gidanmu yake, ƙarfe ba ya cinmu. Da a ce na buɗe baki a lokacin, da magana ta ƙare. Amma ban ƙaryata shi ba. Gaskiya kuma abin ya yi mini daɗi. Ni da ban taɓa yin fice a komai ba, sai ga shi ana matsa mini wuri a bencin mai shayi.

Daga ranar abokina ya sa ni gaba. Ya ce tare muka tashi, 'ya'yansa biyu, bai kamata in yi masa rowa ba. Na ce babu wani magani, ya ce haka duk masu shi suke faɗa. Da ya ishe ni, na ɗebi garin sabara da Inna ke ajiyewa saboda ciwon ciki, na haɗa da ɗan toka, na dama masa a fura. Don abin ya yi kama da gaske har na kafa masa sharaɗi, kada ya ƙara cin miya mai yauƙi.

Har yau ban san me nake tunani ba. Na ce wa kaina wasa ne, gobe zan gaya masa. Na ce ƙila ma ya ƙara masa ƙarfin zuciya. Wani lokaci kuma, in faɗi gaskiya, ni kaina nakan ce wa ya sani, ƙila ba wandon kaɗai ya tsare ni ba. Goben ba ta zo ba. Ina kallo ya fara riƙe injin da hannu ɗaya a kan itace, yana waƙa.

Da farkon damina aka kira mu Nasarawa Burkullu, wani maɗaci ya sunkuyo kan rumbuna. Ranar abokina ne da hawa. Ni ina ƙasa da igiya, ba abin da zai taɓa ni, kuma wandon yana jikina. Itacen da danshi, ƙafarsa ta zame, injin ya sauka masa ƙasa da gwiwa. Muka sauko da shi, na ɗaure wurin da igiyar da ke hannuna, aka roƙi wata a-kori-kura da ta kawo taki ta ɗauke mu. Hanyar duk taɓo, motar tana tafiya tana tsayawa.

A bayan motar ya kama hannuna, muryarsa can ƙasa.

"Ka yahe mani, aboki. Shekaranjiya na ci tuwo da miyar kuɓewa gidan surukaina, kunya ta hana ni ƙi. Ni na ɓata maganin."

Na ce ya yi shiru, ya yi ta salati.

A asibiti an ceci ƙafar, amma jijiya ta tsinke, ba za ta sake miƙewa daidai ba. Oga ya zo, ya tambaye ni ina wandon. Na ce yana gida, alhali ina tsaye gabansa ina zufa a cikinsa. Bai yi faɗa ba, ya karɓi injinsa kawai.

Inna na fara gaya wa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ba ita ce mai ƙafar ba. Don haka bayan an sallamo shi na naɗe wandon na tafi gidansa. Na nuna masa inda injin ya yaga shi a Anka, na gaya masa komai, har sabarar da tokar. Ya jujjuya wandon, ya sa yatsa a yagar, sannan ya yi murmushi.

"Na gane mi kake yi. So kake in daina ganin laifin kaina. Allah shi saka maka."

Na rantse. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Ya ce kada in kuskura in yi rantsuwar ƙarya saboda shi. Matarsa tana bayan zana ta ji komai. Ita kam ta yarda, kuma tun daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.

Na daɗe da barin sana'ar. Duk wanda na gani da injin ina gaya masa ya rufe jikinsa ko da za a yi masa dariya, kuma babu ganyen da ke tsayar da haƙoran nan. Wannan na tabbata da shi. Sauran ne ya gagare ni. Wani malami ya ce mini haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Abokina yanzu yana sayar da hatsi a kasuwa, yana jan ƙafa. Kowace Sallah ina zuwa in nemi gafararsa. Wani lokaci ina ganin da gaske bai gane ba. Wani lokaci kuma, idan ya dube ni, sai in ji kamar ya daɗe da sani, ya dai zaɓi ya bar ni da kayana, ko kuwa tausayina yake ji.

Bara ma na je. Na ce ya yafe mini abin da na yi masa. Ya dafa kafaɗata ya ce ban yi masa komai ba, in je gida.