Batirin Baba Idi

Jama'a, yau Baba Idi ya ciro batirin kamiyonsa!

Direban nan da tun rufe gadar kan iyaka yake yini shagona, kullum "gobe za a buɗe". Ba ya bari a taɓa motar.

Muna kallon fim ɗin mala'ikan da aka koro duniya, yana ta jiran a maida shi sama. Kwatsam aka ɗauke kuran, ba wuta!

Baba ya fita. Sai ga shi da batiri. "Haɗa tele, mu ga ko ya koma gida."

Mala'ikan bai koma ba. Wankin kwanoni ya kama.

Na ce, "Baba, ga batirinka."

Ya ce, "Riƙe, ɗana. Wa ke ɗaukar 'yan dako aiki a bakin kogi?"