Matattu Masu Gaisuwa

Yaya Sale, daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma har na sha kokon safe bai sake ni ba. Na so in kira ka, amma Maman Hafsa tana tsakar gida, akwai abin da ba na so ya shiga kunnenta. Shi ya sa nake rubuta maka a waya, a hankali, yadda muke koya a ajin yamma. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi mini dariya.

Na gan ni a rumfarmu ta bakin kasuwa da hantsi, hula a gwiwata ina ɗinki. Sai na hango mutane suna fitowa ta hanyar maƙabarta, da yawa, kowa da likkafaninsa, ƙasa a gashin girarsu. Tafiyarsu a hankali, kamar masu dawowa daga gona. Irin matattun nan ne da yara ke kallo a waya suna kiransu zombi, sai dai namu ba sa gurnani, ba sa cizo. Gaisuwa suke yi. Kowanne ya miƙo hannu yana cewa ina kwana, ina gajiya, ya iyali, da murya ƙasa-ƙasa.

Audu mai shayi ne na farko. Ɗaya daga cikinsu ya gaishe shi, Audu ya ajiye buta ya ba shi hannu, ya ce lafiya lau. Mataccen bai saki hannun ba. Kafin su kai ga tambayar yara, fuskar Audu ta koma launin toka, idonsa ya bushe, ya juya yana gaishe da na kusa da shi. Haka abin ya bi layin rumfuna. Ba wanda ya gudu, don ba wanda ya ga abin gudu. An gaishe ka, ka amsa, shi ke nan ka zama nasu.

Sai kawai na gan ni a makarantar firamaren da muke karatun yamma. An rufe ƙofa, an jingina mata bencinan aji, duk wanda ya tsira a unguwarmu yana ciki. A tsakiyar fili akwai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, a kan motar kuma Ilu ne a tsaye.

Ka san Ilu, abokina tun muna yara, mai gyaran janareta da injin ban ruwa, wanda muka shiga ajin tare. Ka san halinsa kuma. Mutumin da zai wuce majalisar dattawa a kan babur ya ɗaga hannu kawai. Sau nawa na ba da haƙuri a madadinsa, ina cewa ba raini ba ne, haka Allah ya yi shi. To a mafarkin nan shi kaɗai ya ratsa kasuwa daga farko har ƙarshe ba abin da ya same shi, don bai amsa wa kowa ba. Shi ya gano sirrin. Yana bayani, dattawan da ke zaginsa jiya suna gyaɗa kai. Mai unguwa da kansa ne ke riƙe masa jakar sifanunsa na gyaran inji.

Na tsaya a baya ina kallo. Ni da tun tasowata ban taɓa wuce babba ban durƙusa ba, yau ladabina ya zama ciwo, rashin gaisuwar Ilu ya zama magani.

Ilu ya ce motar za ta fita da mu zuwa hayin kogi inda matattun ba sa ƙetarawa, amma a can ba kasuwa, ba asibiti, ba famfo, don haka kowa ya faɗi abin da ya iya kafin ya hau. Aka yi layi. Mai haƙar rijiya ya hau. Ungozoma ta hau. Wani maharbi da ya iya ɗana tarko ya hau da karensa. Wata tsohuwa ta ce ta san duk ganyen da ake ci a daji, tafasa da lalo da rama, ta kuma san wanda ke kisa, aka ɗaga ta aka zaunar da ita a kan buhu. Wani ya ce ya iya kunna wuta ba ashana. Wani ya iya ɗorin karaya. Wata ta iya tace ruwan kududdufi da yashi da gawayi har ya shawu. Mutanen da nake gani kullum, ban san suna ɗauke da waɗannan abubuwa ba.

Da aka zo kan Maman Hafsa ta ce ta iya sabulun toka, ta iya daddawa, ta iya shanya nama da kuɓewa su shekara ba su lalace ba. Ilu ya ce ai ita kaɗai ta isa ta riƙe gari. Ta rufe baki da gefen mayafi ta yi dariya. Yaya, na daɗe ban ji wannan dariyar a gidana ba. Ta ɗauki Hafsa suka hau, aka ba su wuri a gaba.

Sai ni.

“Mai allura, me ka iya?” in ji Ilu, kamar bai sani ba.

Na ce ɗinkin hula. Na ce na iya zane iri-iri, na iya zama a kan hula ɗaya wata guda ban gaji ba. Na ƙara da cewa ina da haƙuri. Wani daga baya ya tambaya ko ana dafa shi. Aka yi dariya, amma ban da Ilu. Ya sauko ya dafa kafaɗata, ya ce ai ɗinki ɗinki ne, ga tamfol ɗin motar ya yage, in ɗinke mana kafin ruwa ya sauko. Da ya yi mini dariya tare da su, da ya fi mini sauƙi.

Na zauna da tamfol. Yagewar ba ta fi kamu ɗaya ba. Na sa allura, amma hannuna ya ƙi bin bakin yagewar. Duk inda na soka sai zane ya fito, irin na hula, ja da shuɗi, mai kyau ƙwarai. Na warware na sake, zanen ya dawo. Na cika gefen tamfol da ado, ramin yana nan a buɗe yana kallona. Ungozoma ta zo ta karɓi allurar, ta yi masa ɗinkin buhu, ta miƙo mini allurata.

Sai kawai muka koma cikin aji, a kan bencinan yara, gwiwoyinmu suna taɓa tebur. Malamarmu ba ta nan, Ilu ne a gaban allo. A zahiri ma ya riga ni gane haɗa baƙi, shi ake tayarwa ya karanta idan an yi baƙi, amma a mafarkin har alli ne a hannunsa. Darasin shi ne yadda za ka wuce wanda ya gaishe ka. Ya ce ka kalli ƙasa, kada ka kalli fuska, don fuskar wanda ka sani ce za ta karya maka zuciya. Ya ce ka sa hannuwanka a aljihu. Ya ce ka jefa tsakuwa a baki, don kafin ka tofar ka amsa, hankalinka ya dawo.

Aka fara gwaji. Ilu zai tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ka, kai kuma ka wuce. Kowa ya wuce. Liman ma ya wuce, yana hawaye. Maman Hafsa ta wuce shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ya tafa mata. Da na zo ya ce ina kwana, sai na ji bakina ya ce lafiya lau, da tsakuwar da komai. Aka sake, na sake amsawa. Na ukun har na tambaye shi ya aiki.

“Isuhu, don Allah ka daina kirki,” in ji shi. “Na yau kawai.”

Hafsa tana kallona ta taga. Ba ta yi dariya ba, kunya ce a fuskarta.

Sai ƙofar makaranta ta fara motsi. Ba dukanta suke yi ba, jingina kawai suka yi, ana jin gaisuwarsu ta ƙasan ƙofa kamar ƙudan zuma. Kowa ya ruga mota. Ilu ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta mutu. Zan gaya maka gaskiya, Yaya, na ji daɗi. Matata da ’yata suna cikin motar, matattu suna bakin ƙofa, ni kuwa ina tsaye ina jin sanyi a raina don yau kowa zai ga akwai abin da Ilu bai iya ba. Daɗin bai daɗe ba. Ya buɗe gaban motar, ya cire wani siririn tiyo, ya zuƙa da baki ya tofar da mai, ya ɗaure wani wuri da igiyar takalminsa. Motar ta tashi. Mata suka yi guɗa.

Sai kawai babu makaranta, babu ƙofa. Muna kan hanyar kogi, rana tsaka, motar tana tafiya a hankali cikin yashi, ni kuma ina binta a ƙasa. Ban san yadda aka yi ban hau ba. Ba wanda ya hana ni. Matattun suna gefen hanya dama da hagu, suna miƙo hannu. Na kalli ƙasa yadda aka koya mana, na sa hannu a aljihu, na wuce su ɗaya bayan ɗaya. A karon farko ina yin abin daidai, amma ba wanda ya waiwayo ya gani. Maman Hafsa tana gaba tana riƙe da jakar sifanun da mai unguwa ya riƙe ɗazu, ta rungume ta a cinya.

Hafsa ce ta gan ni. Ba ni ta kira ba. Ta ce, “Baba Ilu, an bar Baba.”

Ilu ya bar wa maharbi tuƙi, ya tako ta kan buhuna ya zo bayan motar, ya kwanta rub da ciki ya miƙo mini hannu. Hannun baƙi ƙirin da man inji. Ya ce in kama, kogi ya kusa, idan motar ta shiga ruwa ba za ta tsaya ba. Tsakanina da hannun bai fi taku ɗaya ba.

A nan na ji murya a bayana.

“Isuhu, ina kwana?”

Kawu Ɗanladi ne, Allah ya jiƙansa. Ka tuna shi ya koya mini riƙe allura, shi ne kuma ya taɓa mayar da mu tun daga bakin kasuwa har gida don mun wuce wani tsoho ba mu gaishe shi ba. Ban kalli fuskarsa ba. Ƙafafunsa na gani, da wannan babban yatsan da ya karkace. Abin da ya fi damuna shi ne shi ya fara gaishe ni. Babba, wanda ya raine ni, ya riga ni buɗe baki. Tun da nake ban taɓa barin haka ta faru ba.

Ya sake cewa, “Isuhu, ba ka gan ni ba ne?”

Ilu yana cewa in kama, in kama. Maman Hafsa ta juyo a ƙarshe, tana kiran Baban Hafsa. Na kalli hannun nan. Na san idan na kama shi na tsira. Na kuma ga yadda zaman hayin kogi zai kasance: rijiyar da zan sha Ilu ya sa aka haƙa, wutar da zan ji ɗumi Ilu ya sa aka kunna, kuma duk ranar da Hafsa ta ba da labari za ta ce Baba Ilu ne ya jawo babanta cikin mota. Ni kuma ina gefe ina ɗinka masa hular shugabanci.

Na cire hannuna daga aljihu. Har yanzu ban san wa na yi niyyar miƙa wa ba. Na dai ga na durƙusa a cikin yashi, na tofar da tsakuwar. Na ji ƙarar motar ta shiga ruwa. Hannun Kawu ya sauka a nawa, ba sanyi, ba zafi, kamar ka taɓa ƙwarya.

Sai na farka. Maman Hafsa tana tsaye a kaina da buta, ta ce lokacin salla ya yi, ta kuma tambaye ni wa nake ce wa lafiya lau a cikin barci. Na ce ban sani ba.

Yaya, ka san Ilu bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Shi ke ɗaukata a babur zuwa aji, yau ma da la’asar zai zo ya tsaya a ƙofar gida ya danna ham. Ban san da wane ido zan kalle shi ba, ban san ko zan iya hawa bayansa ba. Da safe na ce wa kaina mafarkin yana nufin Kawu na bukatar addu’a, in yi masa sadaka a wuce wurin. Amma idan na tuna daɗin da na ji lokacin da motar ta ƙi tashi, sai wannan fassarar ta ƙi zama.

Kai ka san mu duka, ka san Kawu, ka san Ilu, ka san ni tun ban san kaina ba. Ka gaya mini tsakani da Allah: da na durƙusa a cikin yashin nan na bar matata da ’yata suka ƙetare, girman Kawu ne ya durƙusar da ni, ko hannun Ilu ne ban so in kama ba?