Inabin Kan Tudu

Kowa a ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure, shinkafa yake nomawa, ko tumatir da albasa. Mu kaɗai ne masu inabi. Kakana ne ya dasa shi, gindi ashirin da 'yan kai, a kan wani tudu da ruwan kanal ba ya kaiwa. Da jaki ake hawa da ruwa, kowane gindi a ba shi rabin jarka. Idan ya nuna sai mu matse a gida, mu tace, a sayar a ranar. Ba ya kwana, don kakana ya ce abin da ya kwana ya tashi daga halal.

Bayan rasuwarsa, kakata Iya ce ta riƙe mu da labarin tudun. In an yi isha'i takan tura kara a murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ni takan fara tsokana.

"Kai mijin nan nawa, sai ci ba cefane. Matsa can! To ga ta nan, mai barci ya yi asara."

"Ta zo, Iya, kunnuwa a buɗe!"

Tatsuniyar da ta fi yawan yi mana ita ce ta Shinkafa da ƙanwarta Inabi. Wai Kogi ne ya auri Shinkafa, kullum tana zaune cikin ruwa tana ƙiba. Inabi kuwa tana can kan dutse, kurɓi ɗaya ya ishe ta yini. Da Kogi ya hango ta siririya sai tausayi ya kama shi, ya ce bari ya kai mata agaji. Ta ce, "Yaya Kogi, gaishe ni daga nesa, ƙafata ba ta son jiƙa." Bai ji ba. Ya tumbatsa ya hau dutsen, ya rungume ƙafafunta. Da ta fara rawaya ya ce ƙishi ne, ya ƙara. Kwana bakwai ta mutu a hannunsa, shi kuma ya gangaro yana kuka.

Mu dai dariya muke yi, muna cewa Kogi wawa ne. Iya ba ta taɓa taya mu ba.

Na girma na zama manomin shinkafa, kuma ba yabon kai ba, na iya. Lokacin idon Iya ya tafi, Baba kuma ciwon baya ya kwantar da shi saboda hawan tudun nan. Abin ya ci mini rai. Na ce wace irin wahala ce wannan, ana zamanin inji muna bin jaki? Na sayo injin ban-ruwa da doguwar tiyo, na ja wa inabin komi kamar gonar shinkafa, na cika shi taf. Ban yi shawara da kowa ba, so nake in ba su mamaki.

Ganye ya fara rawaya. Wallahi abin da na ce ke nan: ƙishi ne, zafin bazara ne. Na ƙara ruwa.

Wata ranar da yamma na durƙusa gaishe da Iya, ta shafa ƙafata ta ji taɓo.

"Daga fadama kake?"

"Daga tudu, Iya."

Sai ta ce, "Inna lillahi. Mijina, ka kai mata Kogi."

Da gudu na koma na fasa komin. Na tona gindi ɗaya, saiwar ta ruɓe baƙi ƙirin, tana wari. Duk haka suke. Na zauna cikin caɓin na yi kuka kamar yaro.

Shekaru na yi ina tsammanin tatsuniyar a kan wauta take. Yanzu da nake da 'ya'ya na gane Kogi ba wawa ba ne. Sonta yake yi, kuma abu ɗaya ya sani, shi ya ba ta ba tare da ya saurare ta ba.

Iya ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. A jinyarta ta ƙarshe ta ce inabi take marmari. Na shiga Kano na sayo mai kyau, na matse, na ba ta a cokali. Ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Amma ba namu ba ne."

Ta mayar mini da cokalin.