Yaya Habsu, wadda ta ɗora ni a amalanke

Yaya Habsu ta rasu.

Da safen nan ɗanta ya bugo mini daga Dungas, ina tsakar gida ina dama koko. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu kokon yana nan inda na aje shi.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Sai na buɗe gurup ɗinmu na tsofaffin malamai, na ji muryar wani tsoho yana ta'aziyya, wai "ɗiyata ce a wurin aiki, ni na raine ta."

Shi ya raine ta! 

To, ku zo ku ji irin rainon.

A shekarun saba'in, bayan farin nan, aka tura ni koyarwa wata lakwal, wato makarantar boko, a karkarar Guci. Ajujuwan na zana ne, malamai mata mu biyu kacal, ni da ita. Ta girme ni, ta riga ni fara aiki, shi ya sa nake ce mata Yaya. Wannan tsohon shi ne direktanmu, muna ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci. Ba zan kira sunansa ba, albarkacin jikokinsa.

Ina da cikin fari, maigidana yana aiki can Damagaram. Da cikin ya shiga wata shida sai jikina ya rikice. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta kumbura, kai kamar ana sara da gatari. In na juya wajen allo sai in ga rubutuna ya rabu biyu.

Takalmina ya daina shiga. Yaya Habsu ta kawo mini na mijinta, tana dariya, wai in ranta mata kwalliya. Kullum sai ta ware mini miya kafin ta sa gishiri.

Konje, wato hutun haihuwa, da sauran lokaci. Na je na roƙi direkta ya bar ni in je Magarya likita ya duba ni, ko a fara mini hutun da wuri. Ko ɗago kai bai yi ba.

Ya ce, "Madam, matan garin nan suna daka har ranar da za su haihu. Alli ya fi taɓarya nauyi ne?"

Na koma aji.

Ran kasuwar Guci na yanke jiki na faɗi a gaban yara. Da na farfaɗo, kaina yana kan cinyar Yaya Habsu, tana ɗaga wa direkta murya.

"Mushe, dubi fuskar yarinyar nan. Wannan lalaci ne?"

Ya ce, "Duk wadda ta bar aji ba da iznina ba, ta san abin da zai biyo baya."

Ta ce, "To, ka rubuta mu biyu."

Ta tare wani mai amalanken jaki da zai kai gyaɗa kasuwa, ta ɗora ni kan buhuna, ta riƙe mini mayafinta a ka saboda rana. Daga Guci muka shiga motar 'yan kasuwa zuwa Magarya. Ungozoma ta auna tansiyona, ta ga jini ya hau, ta kalli Yaya, ta ce, "Me kuke jira? Sai ta fara jijjiga?" A ranar likita ya sa hannu, konjena ya fara. Na kwanta gidan gwaggona, ko tsintsiya ba a bari in ɗauka.

Ita kuwa ta koma, ta haɗa ajina da nata a gindin gawo, har ƙarshen shekara. Ba yaron da ya rasa darasi.

Duk da haka ya kai ƙararta sama, wai ta watsar da aji, ta yi masa rashin kunya. Ba wanda ya kira ta ya ji ta bakinta. Ana dawowa hutu aka jefa ta wani ƙauye bayan Dogo-Dogo, nesa da mijinta, nesa da yaranta ƙanana. Sa'o'inta suka yi ta gaba, ita tana nan. Shi kuwa aka ƙara masa girma.

Na haihu kafin lokaci, 'yar mitsitsiya, amma da ranta. Habsatu ke nan, da yawanku kun san ta. Yau jikoki gare ta.

Mushe, in an karanta maka wannan, ka ji da kyau: ba kai ka raine ta ba. Hukunta ta ka yi don ta ƙi bari in mutu a ajinka. Ka nemi gafarar Allah tun kana numfashi.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar Salla ne. Ta rame, amma bakin nan yana nan. Na tayar da zancen, kamar kullum. Ta kama hannuna.

"Zali, har yau kina ɗauke da mutumin nan a ka kamar tulu? Sauke, wuyanki zai yi ciwo."

Na ce, "Yaya, ke aka zalunta."

Ta ce, "Ni na ga ribata, takwarata tana zuwa gaishe ni da jika a goye."

Ita ta yafe. Ni ban kai can ba, ba zan yi muku ƙarya ranar mutuwarta ba.

Allah Ka jiƙan Habsu. Yadda ta yi mini inuwa a hanya, Ka yi mata inuwa ranar da babu wata sai taKa. Ka yalwata kabarinta, Ka ba 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu. Ku sa da mata masu ciki da ke tsaye a bakin aiki yau, ƙafa a kumbure, suna tsoron su ce ba su da lafiya.